An kwantar da jaririnmu saboda shawara, yanzu an ce cuta ta shiga jininsa kuma ba ta jin allura

Gwaggon Jariri:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu ilimin asibiti ku warware min wani abu, kaina ya ɗaure. Matar ƙanena ta haihu yau kwana 12, yaron bai cika wata tara ba, amma ya zo da kukansa da motsinsa, yana kama nono. A kwana na 3 idonsa ya yi rawaya, aka ce shawara ce, aka kwantar da shi ɗakin jarirai ƙarƙashin fitilar nan mai shuɗin haske, aka sa masa kanula a hannu don ƙarin ruwa. Shawarar ta fara sauka, har aka yi raɗin suna yana can muna murna za a sallame shi. Kwana na 8 sai ya daina kama nono, jikinsa ya yi sanyi, numfashi yana sama sama. Aka ɗebi jininsa, aka fara masa amfisilin da jentamaisin, ba sauƙi. Aka canza wata allurar, shiru. Jiya sakamako ya fito, an rubuta Kilebsiyela, a ƙasa kuma jerin sunayen magunguna, gaban kowanne harafin R, sai guda biyu kawai masu S. Yanzu merofenem ake yi masa, ƙanena har ya sayar da babur ɗinsa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, wani ya ce mana jikinsa ne ya saba da magani. Yaron da bai yi sati biyu a duniya ba, bai taɓa shan ko farasitamol ba, yaushe jikinsa ya saba? Kuma da shawara muka kawo shi, daga ina wannan ta fito?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Ki riƙa kula da mai jegon ma, ta ci abinci ta ci gaba da tatsar nono ko da ba ya kamawa.

Ɗan Lab:
Yaya, Allah ya tashi kafaɗarsa. Wanda ya ce miki jikinsa ya saba da magani bai faɗi daidai ba. Jikin mutum ba ya sabawa da antibayotik. Ƙwayar cutar ce ta saba, kuma ta saba tun kafin a haifi yaronku, a jikin wasu mutane daban. Shi dai ta same shi ne da shirinta.

Ga yadda takardar nan ta samu. Jinin da aka ɗiba mukan zuba shi a kwalba mai abincin ƙwayoyin cuta, mu ajiye a wuri mai ɗumi kamar jikin mutum. Idan akwai ƙwaya a ciki, sai ta hayayyafa. Mu shimfiɗa ta a faranti, mu jera ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna a kai, mu sake jira kwana guda. Maganin da yake cin ta, za ki ga fili fayau kewaye da takardarsa, shi ne S. Wanda ta yi girma har ta hau kansa ba ta damu ba, shi ne R. Shi ya sa ake kwana 2 ko 3 kafin sakamako, ba wai mun ajiye aikin ba ne.

Ita Kilebsiyela a hanjin mutane da yawa take zaune ba ta yi musu komai. Tana son wuri mai danshi: bakin famfo, magudanar wurin wanke hannu, robar zuƙo majina. Wasu daga cikinsu suna fitar da wani sinadari da yake tsinka magani irin su amfisilin da seftiriyazon kafin ya taɓa su. Abin tsoron kuma, wannan dabarar a wani ɗan zoben gado take rubuce, wato gadon halitta da ƙwaya take bar wa 'ya'yanta, ƙwaya tana iya miƙa wa wata ƙwayar ko da ba jinsinsu ɗaya ba, kamar yadda ake tura saƙo daga waya zuwa waya. Ku gode wa Allah an ɗebi jinin kafin a fara allura. Da yawa sai an yi kwana uku ana dirka musu magani sannan a kawo mana jini, kwalbar ta ƙi nuna komai, likita ya ci gaba da lalube cikin duhu.

Direban Tirela:
Ni ba zan ɓoye ba, asibiti ne ya ba shi. Haka aka yi wa matata bara bayan tiyatar haihuwa. Da ƙafarta ta shiga, kwana 5 hannun da aka sa kanula ya kumbura ya yi ja har gwiwar hannu, zazzaɓi ya rufe ta tana sambatu. Sau uku ina nuna musu hannun, ana ce min a bari sai safiya. Da idona na ga ma'aikaciya ta taɓa mutum huɗu da safar hannu ɗaya. Sati uku muka yi, Allah ne ya yi da sauran kwananta. Har yau ba wanda ya ce min yi haƙuri. Kazanta ce da rashin tsoron Allah, ba wani dogon turanci.

Nas Mai Aikin Dare:
Malam Direba, Allah ya ƙara wa iyali lafiya. Abin da ka gani kuskure ne, ba zan kare shi ba. Kanular da wurinta ya yi ja ko ya kumbura a take ake cire ta, ba ta jiran safiya. Safar hannu kuwa idan ba a canza ba ta fi hannu tsirara haɗari, domin mai ita yana jin kamar yana da tsafta alhali yana rabon cuta gado gado.

Amma ka bari in gaya maka daren da nake kwana a ciki, don rashin tsoron Allah da ka ce ya yi min nauyi. Shekarata 14 a ɗakin jarirai. Akwai daren da mu biyu ne a kan jarirai sun haura 30. Kwalbar da aka yi don jariri ɗaya mukan sa biyu, wani lokacin uku, domin idan na ce babu wuri, uwar za ta koma da bakwaininta cikin a daidaita sahu ya mutu a hanya. Famfo yakan ɗauke tun la'asar. Ƙa'ida ta ce in tsaftace hannu kafin in taɓa majinyaci, kafin in yi aikin allura, bayan na taɓa jini ko kashi, bayan na taɓa shi, da bayan na taɓa gadonsa. Ka lissafa wannan sau jarirai 30, sau nawa a dare. Da sabulu da ruwa ana bukatar daƙiƙa 40 zuwa 60 kowane wanki, da sanitaiza 20 zuwa 30. Sanitaizar da ke aljihuna da kuɗina nake saye.

Kuma akwai abin da na yi shekaru ina yi ban san illarsa ba. Jariri ɗan ruwa kaɗan yake bukata, leda ɗaya ta ƙarin ruwa ta yi masa yawa. Don tausayin iyaye sai mu rataye leda ɗaya mu riƙa zuƙa da sirinji muna raba wa yara da yawa, tun safe har dare. Duk sukar da aka yi wa ledar nan ƙofa ce. Ranar da aka fahimtar da ni haka, na tuna fuskokin yaran da suka tafi, ban yi barci ba. Ba na faɗa don a tausaya min. Ina so mai kawo majinyaci ya san inda ramin yake.

Direban Tirela:
Anti Nas, ban yi nufin ki ba, ki yafe ni. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Amma wanda ya kamata ya kawo ruwa da sanitaiza ya ɗauki ma'aikata, shi wa zai tambaye shi?

Likitan Yara:
Hajiya Gwaggo, Allah ya ba shi lafiya. Ban ga yaron ba, don haka maganar likitocin da ke kansa ita ce gaba da tawa. Amma tambayarki ta biyu tana da amsa, kuma kin cancanci a ba ki ita ba kwana kwana. A ƙa'idarmu, cutar da ta bayyana a jinin jariri cikin awa 72 na farko mukan danganta ta da haihuwa, wato daga jikin uwa. Wadda ta bayyana bayan haka daga inda yake kwance take zuwa. Yaronku ya kwana 5 a ɗakin kafin ya canza, don haka mafi rinjayen zato a nan ya same ta.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fata ita ce bangon, kanula ita ce tsagar. Roba ce da ta taso daga waje ta shige cikin jijiya kai tsaye, duk abin da ya hau bakinta ya samu hanya har zuciya. Jariri kuma wanda bai cika wata ba fatarsa sirirya ce, garkuwar jikinsa ba ta nuna ba. Haka abin yake ga babba mai robar fitsari, da mai wankin ƙoda, da wanda aka sa wa babbar roba a jijiyar wuya a ɗakin kulawa ta musamman. Ba mu iya aiki ba tare da waɗannan robobin ba, suna ceton rai kullum. Amma kowace kwana ɗaya da roba ta ƙara a jiki ba tare da bukata ba, haɗari ne aka ƙara.

Abin da Anti Nas ta faɗa game da ledar ruwa an tabbatar da shi a Gambiya. A 2016 cuta ta ɓarke a ɗakin jarirai na babban asibitin koyarwa na Banjul, masu bincike suka bi diddigi, suka samu ƙwayoyin a cikin ruwan ƙari da magungunan allura da ake haɗawa a ɗakin ana amfani da su sau da yawa. A Afirka ta Kudu kuma, asibitin Tembisa ya rasa jarirai 10 a watanni biyun ƙarshe na 2019 saboda Kilebsiyelar da ba ta jin ko dangin merofenem, kuma cunkoso na cikin abin da hukuma ta ambata.

Mu ma an auna namu. Akwai binciken da ake kira BARNARDS, wanda aka yi a ƙasashe 7 na Afirka da Asiya, aka bi jarirai sama da 36,000, kuma Kano da Abuja suna cikin wuraren da aka yi shi. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna Kilebsiyela ce kan gaba a cikin ƙwayoyin da ake samu a jinin jarirai, kuma a irin danginta kusan duka ba sa jin amfisilin, mafi yawa ba sa jin jentamaisin. Waɗannan biyun su ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara da su, kuma su ne talaka yake iya saye. To kin ga halin da likita yake ciki ƙarfe biyun dare: ya fara da mai araha wanda wataƙila ba zai yi ba, ko ya rubuta mai tsada wanda uban yaro ba shi da kuɗinsa, kuma in an yawaita shi, shi ma ya daina aiki.

Hajiya Kaka:
Ni dai tsohuwa ce, jikokina 19. A da muna haihuwa a ɗaki, ungozoma ta yanke cibi, ba mu san wata Kilebsiyela ba. Yanzu an ce a zo asibiti, an zo kuma ga abin da ake kwasowa. Sannan ranar da na je dubiyar jikata aka tsayar da ni a ƙofa kamar baƙuwa, wai ba a shiga. Yaro ba ya warkewa sai da ɗumin danginsa. Ku gaya min gaskiya, ba gara mutum ya zauna gida ba?

Likitan Yara:
Hajiya, Allah ya ƙara girma. A'a, ba gara ba. Shawarar da ta kai yaron nan asibiti, in ta yi yawa ba a sa shi a fitila ba, ƙwaƙwalwa take taɓawa, yaro ya tashi kurma ko ya kasa zama har abada. A da ɗin ma ana rasa su, sai dai a ce ɗaukewa ce ko iska, ba wanda ya ɗebi jini balle ya san sunan abin. A cikin marasa lafiya 100 da aka kwantar a ƙasashe irin namu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin 15 za su kamu da wata cuta a asibitin, a ƙasashe masu arziki 7. Adadin ya yi yawa, amma gyara yake nema, ba gudu ba.

Maganarki ta ɗumi kuwa gaskiya ce, sai dai ɗumin uwa. An gwada a Ile-Ife da Kumasi da wasu asibitoci a Indiya da Malawi da Tanzaniya: ƙananan jarirai da aka ɗora a ƙirjin uwa fata da fata tun daga haihuwa, mutuwarsu ta ragu da kashi 25 cikin 100 a kan waɗanda aka fara ajiyewa a kwalba, kamuwa da cutar jini ma ta ragu. Nonon uwa da ƙirjin uwa, hannu ɗaya ke nan yake taɓa shi maimakon goma.

Nas Mai Aikin Dare:
Hajiya, ki yi mana haƙuri da tsayarwar ƙofa. Ranar suna mata 20 sukan zo, kowacce tana so ta ɗauka, ta sumbata, ta shafa kai. Daga gadon wata 'yar uwa a ɗakin tiyata aka biyo, an zauna a kan gadonta, an riƙe mata hannu, sannan a zo a ɗauki bakwaini. Ga waya a hannu wadda ba a taɓa gogewa ba. Har mu ma'aikata wayar nan tana cikin abin da ke cin mu. Dubiya lada ce, amma ta jariri a yi ta daga bakin taga, a ajiye ɗauka sai ya koma gida.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ina biye da ku daga Nijar, ni ma na yi aiki wurin jinyar yara masu tamowa. Abin da lokotoro ya faɗi mun gan shi nan Maraɗi da ido. An yi wani bincike a wata cibiyar tamowa ta garin nan, an buga shi a 2011. An auna kashin yara ranar shiga, kashi 31 cikin 100 sun riga sun zo da ƙwayoyin da ba su jin seftiriyazon a hanjinsu. Waɗanda sunka zo babu, aka sake auna su ranar fita, kashi 94 cikin 100 sun ɗauka. Yaran ba su da yawa, ba su kai 60 ba, amma abin ya girgiza mutane. Ba wai duka sun yi ciwo ba ne, ɗauke da ita kawai suke, su koma ƙauye da ita, ɗaki guda, kwano guda, masai guda. Lokacin damina yara biyu ko uku ke kwana a gado guda, uwaye na taimakon juna da wanke zawo. Kuma ku sani rabin waɗanda muke gani wani lokacin daga Katsina da Jibiya suke ƙetarowa. Ƙwayar nan ba ta san iyaka ba.

Baba Mai Kemis:
Na san za a zo kaina, gara in zo da kaina. Shekara 26 ina da shago. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum zai zo ya ce ba ni kafso ja da rawaya guda biyu cikina yana murɗa. Mai mura ya ce Ampiclox. Mai jego ta aiko a ba ta na ɗigawa jariri wai don wanke masa ciki, yaron lafiyarsa ƙalau. Yanzu kuma yayin allurar seftiriyazon ake, duk zazzaɓin da ya kwana biyu sai a ce taifod ne a yi min mai ƙarfi. In na ce je ka yi gwaji, sai ya tsallaka shago na gaba, ya kuma gaya wa unguwa cewa Baba ya tsufa ba ya son ciniki. Na sayar, ba zan yi ƙarya ba, shekaru ina sayarwa.

Abin da ya sa na rage, 'yar ƙanwata ce. Ciwon mara ya kai ta asibiti, ya hau ƙoda, ya shiga jini. Da aka kawo takardar gwaji na karanta, duk abin da ke kan kantata R ne. Na tsaya ina kallon sunayen, magungunan da na ba ta da hannuna tun tana yarinya. Ta rayu, amma tun ranar ba na ba da allurar antibayotik sai da takardar likita, kuma ba na ɓalle kati in sayar da guda biyu.

Mai Kaji:
Baba ka taɓo mu. Tun ranar da aka kawo 'yan tsaki muke zuba musu magani a ruwa, ko suna ciwo ko ba sa yi, haka muka tarar ana yi. A jikin ledar an rubuta kwanakin da za a jira kafin a yanka ko a sayar da ƙwai, amma ban san mai jira ba. Kashin kuma masu lambu ke saye. Tambayata, wannan yana da alaƙa da yaron da ke kwance, ko namu daban ne?

Ɗan Lab:
Yana da ita, Malam, ko da ba kai tsaye ba. Misali ɗaya ya isa. Akwai tsohon magani kolistin, an yi watsi da shi shekaru da yawa saboda yana taɓa ƙoda, aka bar wa dabbobi. Da ƙwayoyi suka fara gagarar merofenem sai aka koma masa a matsayin makami na ƙarshe. A 2015 masu bincike a Sin suka gano zoben gadon da ke sa ƙwaya ta gagari kolistin, a jikin dabbobin gona da naman kasuwa da kuma marasa lafiya. Ka duba ledojin maganin kajinka, kada ka yi mamaki in ka ga sunansa.

Ita ma gagarar merofenem ɗin tafiya take. A 2008 aka samu wata Kilebsiyela a jikin wani mutum a Suwidin bayan ya yi jinya a Delhi, aka sa wa sinadarinta suna NDM-1, yau ta bazu a ƙasashe da yawa na duniya. A 2016 wata mata ta rasu a jihar Nebada ta Amurka da Kilebsiyelar da aka gwada da magunguna 26, babu wanda ya ci ta. Amurka fa, inda kuɗi ba matsala ba ne. Ƙididdigar da mujallar Lancet ta buga ta ce a 2019 mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin da ba sa jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowa, kimanin 27 a cikin kowane 100,000. Mu da muka fi kowa ƙarancin ɗakin gwaji, mu ne a sama. S biyun nan da ke takardar Yaya dukiya ce, akwai ranakun da nake sa hannu a takardar da ba ta da ko ɗaya.

Malamin Islamiyya:
Allah ya saka wa kowa. Abu biyu zan ƙara. Na farko, in an rasa yaro mukan ce kwanansa ne ya ƙare, kuma haka ne, ajali ba ya jinkiri. Amma wannan kalma ta haƙuri ce ga iyaye, ba mayafi ba ce ga wanda aka ba amana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Shugaban da ya bar ɗakin jarirai ba ruwa, da ma'aikacin da ruwa yana nan ya ƙi wankewa, da mai dubiyar da aka hana ya kutsa, kowa za a tambaye shi gwargwadon ikonsa.

Na biyu, na ji wasu suna ƙin sanitaiza wai akwai giya a ciki, za ta ɓata musu alwala ko tufafi. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmi ta duniya, ta zauna a Makka a 2002 ta halatta amfani da irin wannan sinadari a fata don tsaftace rauni da kashe ƙwayoyin cuta. Ba sha ake yi ba. Mu da muke wanke hannu sau biyar a yini don tsayuwa gaban Ubangiji, bai kamata a roƙe mu wanke shi don ran jariri ba.

Direban Tirela:
Malam na ji. Amma har yanzu ba a amsa min ba. Talaka yana tsaye a kan majinyacinsa, ya ga abin da ba daidai ba, in ya yi magana a ce ya cika baki a yi watsi da mai ciwon. Me zai yi?

Likitan Yara:
Tambayarka ita ce mai wuyar, Malam Direba. A jihar Mishigan ta Amurka an yi wani aiki a ɗakunan kulawa ta musamman 103, aka buga sakamakon a 2006. Ba sabon magani suka kawo ba. Abu biyar suka wajabta wajen sa babbar roba a jijiya: wanke hannu, rufe jiki da na majinyaci da kaya masu tsafta, goge fata da ruwan kashe ƙwayoyin cuta mai suna kuloheksidin, guje wa jijiyar matsematsi, da cire robar da zarar an gama da ita. Kowane likita ya san waɗannan tun yana makaranta. Abin da ya canza shi ne an ba nas ikon tsayar da likita, komai girmansa, in ya tsallake ɗaya. Cutar jini ta hanyar roba ta ragu da kusan kashi 66 cikin 100. A wurinmu ƙaramar nas ta ce wa babban likita ranka ya daɗe ba ka wanke hannu ba, kai ma ka san abin da zai biyo baya. Wannan kunyar tana kashe mutane, kuma mu manya ne ya kamata mu cire ta, mu ce a gaban kowa duk wanda ya gan ni ya tuna min.

Kai kuma mai jinya, akwai tambayoyin da ba rashin kunya ba ne, in ka yi su da ladabi lokacin zagayen safe. Ranka ya daɗe, kanular nan kwananta nawa, har yanzu ana bukatarta? Robar fitsarin nan yaushe za a cire? An ɗebi jinin kalca, wato na gwajin gano ƙwayar cutar, kafin a fara allurar? In sakamako ya fito, maganin da ake yi yana cikin masu S? In ka ga ja ko kumburi ko ruwa a wurin kanula, ko zazzaɓi da rawar ɗari bayan an tura allura, ka faɗa wa nas, in ba a zo ba ka nemi shugabar ɗakin. Manyan asibitoci da yawa suna da kwamitin hana yaɗuwar cuta, kuma NCDC, hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta Najeriya, tana da shiri a kan wannan, ka tambayi ofishinsu ka rubuta ƙorafi. Ba na ce kullum za a saurare ka ba. Amma ni kaina an taɓa tuna min da kanular da na manta kwana biyu, kuma kakar yaro ce ta tuna min.

Gwaggon Jariri:
'Yan zaure na gode, Allah ya bar zumunci. Yau kwana 4 da na yi tambaya, na dawo in ba ku labari. Na karanta wa ƙanena da matarsa duk abin da kuka rubuta. Jiya da asuba yaron ya buɗe ido ya kama nono, kaɗan dai, amma ya kama, uwar tana kuka nas tana kuka. Likita ya ce sai an cika kwana 14 ana allurar ko da ya warware, kuma za a sake ɗibar jini a tabbatar. Na yi tambayar kanula yadda Likita ya koya min, muryata tana rawa, sai ga shi ba wanda ya yi faɗa, aka duba aka canza masa wuri. An fara barin uwar tana ɗora shi a ƙirji. Dangi kuma na tsaya a ƙofa da kaina, har yayar babanmu na mayar.

Amma yarinyar da ke kwalbar kusa da shi ta rasu shekaranjiya da daddare. Ita ma an ce Kilebsiyela ce. Babanta yana ta neman kuɗin allurar, ya kawo na kwana ɗaya ya rasa na biyu. Uwar ce take riƙe min jaka in zan yi salla. Ban san me zan ce mata ba, na dai riƙe ta.

Mu masu jinya a ɗakin mun haɗa ɗan kuɗi muna so mu sayi abin wanke hannu mu ajiye a ƙofa. Anti Nas, me ya kamata mu saya, kuma wa za mu nema izini?

Nas Mai Aikin Dare:
Alhamdu lillahi da sauƙin yaro. Ita kuma Allah ya sa mai ceto ce, ya ba iyayenta haƙuri. Ƙanwata, ku fara samun shugabar ɗakin da safe bayan zagaye, ita za ta nuna inda za a ajiye. Ku sayi bokiti mai murfi da famfo a gindi, da wani a ƙasa na tarar ruwan, kada a riƙa tsoma hannu ko moɗa a ciki. Sabulun ruwa, ba na gunduwa ba, domin shi yakan zauna cikin danshi kowa yana taɓawa. Kada ku rataye tawul ɗaya, gara takardar goge hannu, in babu a bar hannu ya sha iska. Bokitin a zubar a wanke shi kullum kafin a sake cikawa, ku sa wa wani wannan aikin da suna, in ba haka ba shi ma zai zama gidan ƙwayar. In kuɗi ya ragu ku sayi sanitaiza mai sinadarin alkohol kashi 70 cikin 100, ƙananan kwalabe, a ɗaure ɗaya a jikin kowane gado. Ki turo min adadin gadajen ɗakin in lissafa miki nawa za su ishe ku wata guda.